Iya ruwa fidda kai: koyon iyo a gelta, tabki da gulbi

Ƴan uwa mazauna Sersouf da sauran unguwannin Tamanrasset: Wataƙila wani ya ce me ya kawo zancen iyo a garin da ko ruwan famfonsa daga In Salah ake turo shi, ta bututu mai tsawon kusan kilomita 750 da aka buɗe a 2011. Dalilin shi ne, inda ruwa ya yi ƙaranci, nan ne mutane suka fi rashin sanin halinsa. Yaranmu da suka tashi a nan, da yawa ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. Manya da suka fito daga Damagaram, Maraɗi, Tawa ko arewacin Najeriya kuwa, akasari wasan ruwa kawai suka yi a bakin tabki suna yara. Ga shi kuma muna haɗuwa da ruwa a kwarin Tamanrasset idan ya kawo, a geltocin duwatsun Hoggar, da tabkuna da gulaben gida idan mun koma.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 ruwa ya ci mutum kusan 300,000 a duniya. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne ƴan ƙasa da shekara 5, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na mamatan a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke. A wannan shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara don yaƙi da nutsewa. Hausawa sun daɗe da taƙaita darasin: iya ruwa fidda kai. Abin da muke so shi ne kowa ya san yadda zai riƙe kansa a saman ruwa, ya yi numfashi, ya kai gaɓa, ya kuma gane ruwan da ba a shiga ko da an iya.

Halin ruwan da ke kewaye da mu

Kwarin Tamanrasset da ƙananan kwaruruka da ke ratsa unguwanni a bushe suke kusan duk shekara. Amma daga duwatsun Hoggar suke gangarowa, inda ƙololuwar Tahat ta haura mita 2,900, kuma dutse ba ya shan ruwa. Idan aka tafka ruwa can sama, musamman a watannin Agusta da Satumba, sai ya taru a kwari lokaci guda. Yana iya isowa gari alhali sama fes take, ɗauke da duwatsu, itatuwa da shara. Bayan ya wuce kuma yakan bar ruwa a ramukan da aka haƙa don ɗibar yashi, yara su ɗauka wurin wasa ne.

Gelta, wadda Abzinawa ke kira agelmam, rami ne a cikin dutse da ke riƙe ruwa wata da watanni, wata ma duk shekara. Afilal da ke kan hanyar Assekrem da Issakarassene suna cikin sanannu, kuma wurare ne da ake kiyayewa ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Makiyaya da dabbobinsu suna sha daga irin waɗannan wurare, don haka a nemi izinin mutanen wurin, kada kuma a sa sabulu. Haɗarin gelta uku ne. Taku ɗaya yana iya kai mutum daga ruwan gwiwa zuwa wanda ya shanye kansa. Bakinta dutse ne mai santsi da gansakuka, mai wuyar hawa. Ruwanta kuma da sanyi ko da bazara, saboda inuwar dutse da tudun wurin.

A gida kuwa, tabkin Madarumfa, Gulbin Maraɗi da damina, da kogin Isa wanda a Najeriya ake kira Kwara, kowanne da nasa: laka mai riƙe ƙafa, ciyawar ruwa, komar masunta, da ruwa mai gudu a ƙasa alhali samansa shiru.

Me ke sa mutum nutsewa?

Masuntan Argungu a kan gora suke kwanciya su ratsa kogin Matan Fada. Gora ba ya nutsewa saboda iskar da ke cikinsa. Huhun mutum ma haka yake: idan yana cike da iska, jikin yawancin mutane yana tasowa da kansa, sai dai ɓangaren da ke fitowa sama ɗan kaɗan ne. Duk dabarar ita ce wannan ɗan ɓangaren ya zama hanci da baki.

Wanda ya firgita akasin haka yake yi. Yana miƙewa tsaye ya ɗaga hannuwa, nauyinsu ya danna kansa ƙasa. Yana fitar da iskar huhunsa, yana bugun ruwa har ƙarfinsa ya ƙare cikin ɗan lokaci.

Sanyi yana ƙara dagula lamarin. Ruwan da bai kai digiri 15 ba yana sa mutum ya ja numfashi da ƙarfi ba da sonsa ba da zarar ya faɗa, sannan ya riƙa haki. Idan kansa yana ƙarƙashi a lokacin, ruwa zai shaƙa. Wannan haki yana lafawa cikin minti ɗaya zuwa uku. Saboda haka wanda ya faɗa ruwa mai sanyi kada ya yi hanzarin iyo. Ya kwanta rigingine har numfashinsa ya daidaita, sannan ya nemi gaɓa.

Inda za a koya

Wurin koyo shi ne ruwa mai kwanciya, iya ƙugu, mai ƙasa daidai wadda babba ya taka ya auna da sanda a ranar. A ɗaura igiya ta nuna iyaka. A sa babba ɗaya wanda ya iya ruwa, aikinsa kallo kawai: ba waya, ba shayi, ba hira. A gefensa a ajiye doguwar sanda da jarka mai igiya. Inda ake da wurin iyo na gini mai mai tsaro, ya fi kowane tabki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a fara koya wa yara iyo daga shekara 6. Waɗanda ba su kai ba, abin da suke bukata shi ne babba kusa da su, iya miƙa hannu.

Rashin wurin gini ba ya hana koyo. A ƙasar Bangaladash, shirin SwimSafe yana koya wa yaran ƙauye iyo a cikin kududdufai, ta hanyar kewaye wani sashe da shingen sanduna. Ma'auninsu shi ne yaro ya yi iyon mita 25 bai taka ƙasa ba, ya riƙe kansa a saman ruwa daƙiƙa 30, ya kuma iya ceton wani daga gaɓa. Mu ma wannan ma'auni muke ba ku.

Matakan koyo

1. Numfashi. Wannan a gida ma ana farawa, da baho. A ja iska ta baki, a sa fuska a ruwa, a fitar da ita a hankali ta hanci da baki har kumfa ya tashi, a ɗago a sake ja. A maimaita sau 10 ba tare da goge ido ba. Yaro kada ya yi sai da babba, kuma a zubar da ruwan da an gama.

2. Kwanciya rigingine. Mai taimako ya sa tafin hannunsa ƙarƙashin kafaɗun mai koyo. Kunnuwa su shiga ruwa, haɓa ta ɗan ɗaga, ido na kallon sama, cibiya ta taso, hannuwa da ƙafafu a ware. Idan ƙafafu suka ɗan yi ƙasa, ba komai, a motsa su a hankali. Mai taimako ya riƙa janye hannu sannu a hankali. A ƙirga zuwa 30, daga baya zuwa 60. Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci, kada a wuce shi sai ya zauna.

3. Juyawa da miƙewa. A kwanta rub da ciki, a juya kai da kafaɗa gefe guda har a koma rigingine. Don miƙewa tsaye, a jawo gwiwoyi zuwa ƙirji, a tura ruwa da hannuwa, sannan a sauke ƙafafu. Mutane suna nutsewa a ruwa iya ƙirji saboda rashin sanin wannan.

4. Tafiya da baya. Ana kwance rigingine, a riƙa kaɗa ƙafafu tun daga cinya, gwiwoyi ba sa fitowa sama, hannuwa a gefe suna tura ruwa zuwa ƙafafu. Fuska tana waje koyaushe, shi ya sa wannan ne iyon wanda ya gaji.

5. Iyon kwaɗo. A miƙa hannuwa gaba, a ware su a jawo zuwa ƙirji ana ɗago kai a ja iska, a naɗe ƙafafu a tura su baya kamar kwaɗo, sannan a miƙe a bar jiki ya sulale ana ƙirga ɗaya, biyu. Wannan sulalewa ita ce hutun. Iyon kare da yara suka saba yana cin ƙarfi, ba ya kai mutum nesa.

6. Tsayuwa a ruwa mai zurfi. Jiki a tsaye, ƙafafu suna juyawa kamar tuƙa keke a hankali, tafukan hannu suna share ruwa gaba da baya a ƙarƙashi. Ba a gwada wannan sai ga wanda ya ƙware kusa, da abin riƙewa a hannunsa.

7. Gwaji da tufafi. Wanda ya faɗa ruwa ba ya samun damar tuɓewa. Idan matakan baya sun zauna, a maimaita mataki na 2 da na 3 da tufafin yau da kullum, a ruwa iya ƙugu, don a ji yadda suke riƙe hannu da ƙafa.

Dabarun ruwan fili

A shiga da ƙafa, a hankali, a jiƙa fuska da wuya kafin a nutsa jiki. Ba a tsunduma da ka a gelta ko tabki, domin dutsen da ba a gani yana karya wuya, kuma ambaliya tana sauya ƙasan wurin daga shekara zuwa shekara. Kafin a shiga, a san ta inda za a fita.

A yi iyo a gefen gaɓa, ana bin tsawonta. Gasar tsallakawa ɗaya gefen ita ke cin samari, domin ido yana rage nisan ruwa, kuma gajiya a tsakiya take zuwa. A zaɓi alama a gaba, kamar bishiya ko dutse, a riƙa ɗago ido bayan ƴan bugu kaɗan don kada a karkace.

Idan ruwa mai gudu ya ɗauke ku, kada ku yi kokawa da shi. Ku kwanta rigingine, ƙafafu suna gaba don su tare duwatsu, ku riƙa karkata zuwa gaɓa a hankali ko da za ku fita nesa da inda kuka shiga. Kada ku yi ƙoƙarin tsayawa sai ruwan ya koma ƙasa da gwiwa, domin ƙafa tana maƙalewa tsakanin duwatsu, ruwa ya kifar da mutum. Ku nisanci bishiyar da ta faɗa ruwa da bakin kwalbati.

Idan ƙafa ta ɗaure, ku koma rigingine, ku miƙe ta kuna jawo yatsu zuwa sama, ku tafi da hannuwa. Idan jiki ya fara rawa ko yatsu suka ƙi naɗuwa, ku fita nan take, domin ruwa yana zuƙe ɗumin jiki sau kusan 25 fiye da iska. Kada kowa ya shiga ruwa shi kaɗai, ko da dare, ko bayan ya sha ƙwaya ko wani abin maye. Mai farfaɗiya ya nemi shawarar likita tukuna.

A tabkunan gida akwai kuma tsargiya. Wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan wanka a tabki ya je asibiti, akwai maganinta mai suna praziquantel.

Mata da ƴan mata

Mata ne ke wanki da ɗibar ruwa a bakin gulbi, su ne kuma kusa idan yaro ya faɗa, amma su aka fi hanawa koyo. Muna roƙon iyaye da mazaje su bari a ware wa mata lokacinsu, mace ta koya musu, mace ta yi tsaro. Doguwar riga mai ɗan kama jiki, wando har idon sawu da ɗan ƙaramin kallabi sun rufe jiki, kuma ba sa hana motsi. Dogon hijabi da zane suna naɗe ƙafafu su rufe fuska. Haka ma babbar riga da rawani ga maza.

Idan wani yana nutsewa

Mai nutsewa yawanci ba ya ihu, domin numfashin da zai yi ihun babu. Za ku gan shi tsaye cikin ruwa, kai ya karkata baya, baki yana shiga yana fita, ba ya gaba ba ya baya. Idan yara suna wasa a ruwa kuka ji ɗaya ya yi shiru, ku duba.

Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Haka zai kama wuyan wanda ya je cetonsa, gida ɗaya a yi rashi biyu. Don haka ceto daga gaɓa ake yi:

Ku yi kururuwa a taru, wani ya kira lamba 14, ta jami'an ceto da a nan ake kira Himaya Madaniya, ya faɗi sunan wurin da wata alama da ke kusa.

Ku yi wa mai nutsewa magana da ƙarfi: ya kwanta rigingine, ya sauke hannuwa.

Ku miƙa masa sanda, reshe, zane ko rawani. Ku kwanta rub da ciki kafin ku miƙa, don kada ya jawo ku.

Idan ya yi nisa, ku jefa masa abin da ke tasowa. Jarkar lita 20 da babu komai ciki, murfinta a ɗaure, tana ɗaukar nauyin kusan kilo 20 a ruwa, kuma wannan ya isa ya riƙe kan babban mutum a sama. Ya rungume ta a ƙirji, ku jawo igiyar a hankali.

Mun san marasa takardu suna ɗar-ɗar da kiran hukuma. Amma ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu iska. Idan kuna jin tsoro, ku roƙi maƙwabci ɗan gari ya kira, kada dai a fasa kiran.

Bayan an fito da shi

A kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a karkata kai baya a ɗaga haɓa, a duba numfashi na daƙiƙa 10. Idan yana numfashi, a juya shi a gefe, a cire jiƙaƙƙun tufafi, a lulluɓe shi. Idan ba ya numfashi yadda ya kamata, a toshe hancinsa a hura masa iska ta baki sau 5, ana ganin ƙirji yana tasowa. Sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura sau 2, a ci gaba haka har jami'an ceto su iso ko ya farfaɗo. Saurin dannawa sau 100 zuwa 120 a minti, zurfinsa santimita 5 zuwa 6 ga babba. Ga yaro, kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirjinsa. Kada a danna ciki ko a ɗaga shi ta ƙafafu wai don ruwa ya fito: ɓata lokaci ne, kuma yana jawo amai ya shiga huhu. Ko ya farfaɗo yana magana, a kai shi asibiti, domin matsalar huhu tana iya bayyana bayan sa'o'i.

Ruwan da iyo ba ya amfani

Na farko, kwari idan ya kawo. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka ruwan da ya cika ramin mita ɗaya a tsawo, faɗi da zurfi tan ɗaya ne. Ruwa mai gudu na santimita 15 yana iya kayar da babban mutum, na santimita 60 yana tafiya da yawancin motoci. Babu gwanin da ke iyo a cikinsa. Mun san rashin wurin kwana yana sa wasu ƴan uwa kwana cikin kwari ko ƙarƙashin gada. Muna roƙonku ku koma tudu a lokacin ruwa. Idan kuka ga hadari ko walƙiya wajen duwatsu, ko kuka ji rugugi daga saman kwari, ku hau gefe nan take, ku bar kaya. Kada ku gudu ta cikin kwari, ruwan ya fi ku sauri. Ku jira ya janye kafin ku tsallaka.

Na biyu, teku. Kada wani ya ɗauka koyon iyo ya shirya shi tsallaka Bahar Rum. Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta lissafa mutum fiye da 30,000 da suka mutu ko suka ɓace a wannan teku tun daga 2014. A ranar 3 ga Oktoba 2013, jirgi ya nutse dab da tsibirin Lampedusa na Italiya, mutum fiye da 360 suka rasu, ga gaɓa kusa. Sanyi, duhu, igiyar ruwa, man fetur da cunkoso sun fi ƙarfin iyon mita 25 nesa ba kusa ba.

Na uku, kwale-kwalen da aka cika fiye da kima. A ƙarshen Nuwamba 2021, wani ya kife a Bagwai ta jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Idan kun koma gida, kada ku shiga wanda bakinsa ya kusa taɓa ruwa, ku guji tafiyar dare, ku nemi rigar ceto ku ɗaure ta sosai. Idan ya kife bai nutse ba, ku riƙe jikinsa.

Abin da za mu yi tun yau

A rufe randa, durom da tankin ruwa na gida, a kife baho da bokiti bayan wanki, domin ɗan ruwa kaɗan ya isa ya ci jariri mai rarrafe. A nuna wa yara ramukan kwari, a gaya musu dalilin hani. Kowane gida ya ware jarka ɗaya mai murfi da igiya a hannunta, a tafi da ita duk fitar da za a yi zuwa gelta. A sa lamba 14 a kowace waya. Waɗanda suka iya ruwa a cikinmu, musamman ƴaƴan masunta, maza da mata, muna roƙon su zo su same mu don mu tsara yadda za su koya wa saura. Wanda ya karanta wannan takarda kuma ya karanta wa wanda bai iya karatu ba. Allah ya tsare mu da iyalanmu.